Gargaɗi Ga Ma'aikata: Ku Guji Soyayyar Ɓoye Tsakanin Oga Da Na Ƙasa Da Shi

Wannan kira ne ga duk mai sammakon fita aiki, ko a sakatariyar gwamnati yake, ko banki, ko asibiti, ko makaranta, ko gidan rediyo, ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin agajin da suka cika Maiduguri da Abuja. Malam, in har wani abu ya fara ƙulluwa tsakaninka da wadda kai ne kake sa hannu a takardar ƙarin girmanta, baiwar Allah, in har zuciyarki ta fara karkata ga wanda shi ne zai yanke ko a sabunta miki kwantiragi ko a sallame ki, kuma ku biyun kun haɗa baki kun ce kada kowa ya ji, to ku dakata tun yau. Abin da kuka sa ƙafa a ciki ya tumɓuke mutanen da suka fi ku ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ɓarnarsa a ƙasarmu ta fi ta ƙasashen waje muni.

Duk gidan da ake jefa Maggi a miya ko a haɗa wa yara Milo ya san Nestlé. Ranar 1 ga Satumba 2025 kamfanin ya kori babban shugabansa na duniya, Laurent Freixe, mutumin da ya shiga aiki da su tun 1986, ya yi ta hawa mataki-mataki kusan shekara 40 har ya kai ƙololuwa. Shekara ɗaya kacal ya yi a kujerar. Yana soyayya ne da wata ma'aikaciya da ke ƙarƙashinsa kai-tsaye, bai kuma sanar da hukumar kamfanin ba kamar yadda ƙa'idar aikinsu ta tanada. Ta layin kai ƙorafi na cikin gida maganar ta ɓullo. Ya tafi ba ko sisin sallama.

Na Steve Easterbrook ya fi wannan tsawo, kuma ina roƙon duk mai riƙe da wayar ofis ya bi shi a tsanake. A Nuwamba 2019 kamfanin McDonald's na Amurka, mai dubban gidajen sayar da abinci a faɗin duniya, ya sauke shi daga shugabanci saboda hulɗa da wata ma'aikaciya. An ce da yardarta aka yi, shi kuma ya shaida wa masu bincike cewa ita kaɗai ce, don haka aka rabu da shi cikin lalama, aka bar masa haƙƙoƙinsa na miliyoyin daloli. Bayan wata 8, wani da bai bayyana sunansa ba ya tsegunta wa kamfanin cewa akwai sauran magana. Da aka koma bincike sai ga hotuna da bidiyon tsiraici da ya tura daga imel ɗin ofis zuwa nasa na kansa. Ya goge su daga wayarsa yana ganin an wuce wurin, ashe suna nan daram a rumbun kwamfutocin kamfani. A Agusta 2020 aka maka shi kotu bisa zargin ɓoye hulɗa da wasu ma'aikata mata 3, da kuma amincewa a ba ɗaya daga cikinsu kyautar hannun jari mai tsoka suna tsaka da hulɗar. A Disamba 2021 ya mayar da dukiyar da ta kai dala miliyan 105, ya nemi afuwa. Ba a ƙyale shi nan ba: a Janairu 2023 hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala 400,000, ta kuma haramta masa jan ragamar irin waɗannan kamfanoni har shekara 5. Shi ma Bernard Looney na kamfanin mai na BP a Ingila haka ya yi murabus a Satumba 2023, bayan ya amsa cewa bai faɗi gaskiya duka ba game da hulɗarsa ta baya da abokan aiki, ya yi asarar abin da ya kai fam miliyan 32.

A lura, waɗannan ƙasashe ne da dokarsu ba ta hana namiji da mace su so juna ba tare da aure ba. Kamfanonin ba wa'azi suke yi ba. Abu biyu suka gani. Wanda ke da ikon ɗaga mutum ko kayar da shi ba zai iya yin adalci a kan wadda yake so ba, ko da ya rantse zai iya. Sannan wanda ya ɓoye irin wannan hulɗa dole ya yi ƙarya, ya ƙara wata ƙaryar don ya rufe ta farko, kuma ba mai damƙa amanar dukiya a hannun maƙaryaci. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Su waɗancan ma a kan dukiya suka faɗi. Kai da kake jiran albashin 25 ga wata don ka biya kuɗin makarantar yara, a kan me za ka faɗi?

Ba wanda yake tashi da safe da niyyar rusa gidansa. A wajenmu abin daga rage hanya yake farawa. An tashi aiki ƙarfe huɗu, hadari ya haɗo, tana tsaye a bakin get tana jiran A Daidaita Sahu, ga kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sai oga ya sauke gilashi: "Hajiya, ina kika nufa? Shigo in rage miki hanya." Ranar farko taimako ne, kuma ba na zargin kowa a kansa. Sai ya zama kullum. Saƙon waya na farko na aiki ne: "Ki turo min rahoton nan kafin safe." Na biyu: "Kin isa gida lafiya?" Na uku bayan sallar isha'i yake zuwa: "Ba ki yi barci ba?" Ba a jima ba sai sunanta ya fito a jerin masu zuwa taron bita a Kaduna ko Legas, kwana uku a otal, da alawus ɗin tafiya, alhali akwai waɗanda suka riga ta zuwa ma'aikatar da shekaru ba a taɓa tura su ko nan da can ba.

A wannan lokacin ku biyu ne kawai kuke zaton asirinku a rufe yake. Direba ya san inda ya ajiye ku da ƙarfe nawa ya dawo. Masinja ya lura ƙofar da a da take buɗe yanzu sai an ƙwanƙwasa. Maigadi ya san motar da take fita ƙarshe. Mai shara ta ga kofin shayi biyu. Suna gaishe ku da ladabi kamar kullum, amma maganar ta riga ta zagaya kantin ma'aikata, ta shiga zauren WhatsApp ɗin da ba a saka ku a ciki ba.

Ga tambayar da nake so kowane oga ya yi wa kansa kafin ya sake tura saƙon dare: in yarinyar nan ta ce a'a, za ta kwana da kwanciyar hankali a kan aikinta? 'Yar bautar ƙasa, duk wata sai wurin da aka tura ta ya ba ta takardar shaidar cewa tana zuwa aiki kafin a biya ta alawus ɗinta na naira 77,000. Ma'aikaciyar banki ta kwantiragi an ɗora mata adadin kuɗin ajiya da za ta nemo, kuma manaja ne zai rubuta ta cika ko ba ta cika ba. Ma'aikaciyar jinya, wani ne ke tsara mata aikin dare da na rana, wani ne ke sa hannu kafin ta tafi ƙaro karatu. Malamar makarantar kuɗi, mai makarantar shi ne mai ɗauka, shi ne mai biya, shi ne mai kora. Da yawa cikinsu marayu ne, ko zawarawa masu 'ya'ya, ko su ne ke riƙe da gidan iyayensu. Murmushin da irin wannan take maka ba hujja ba ne, Alhaji. Dariyar da take yi wa barkwancinka ba hujja ba ce. Tana iya amsa saƙonka da "na gode, ranka ya daɗe" alhali cikinta ya ɗuri ruwa, tana lissafin yadda za ta kuɓuta daga gare ka ba tare da ta rasa abincinta ba. Kai ba za ka taɓa sanin gaskiyar zuciyarta ba muddin wuyanta na hannunka. Abin da kai kake kira soyayya, watakila ita a wurinta tsangwama ce da ta rasa wanda za ta kai wa kuka.

In kuma da gaske son ne ya kama ku duka biyun, to ki saurare ni da kyau, ƙanwata, domin ke ce za ki biya kaso mafi tsoka. Ranar da abin ya fashe, shi za a ce namiji ne, shaiɗan ne ya rinjaye shi, a yi masa faɗa a ɗaki, in ta yi tsanani a canza masa wurin aiki. Ke kuwa sunanki ne zai shiga gari. Duk ƙarin girman da kika samu da guminki, duk daren da kika raba kina aiki, za a share shi da kalma ɗaya: ai ta oga ce. Masu neman aurenki in sun aiko a yi bincike, a ofis ɗin nan za a tambaya, kuma a nan za a ba su labari har da ƙari. Uwargidansa in ta gano, ba shi za ta fara nema ba, ke za ta tarar a gaban abokan aikinki. Ranar da ya gaji, ko ya ji tsoron tonon asiri, shi ɗin da yake kiranki da dare shi ne zai fara ganin kina makara, ya ba ki takardar tuhuma, ya rubuta miki mummunan rahoto a fom ɗin auna ƙwazo na ƙarshen shekara, ko ya sa a jefa ki wata ƙaramar hukuma mai nisa don ya daina ganinki. Hotunan da kika tura masa da saƙonnin murya suna cikin wayar da matarsa ke ɗauka, yaransa ke wasa da ita, mai gyaran waya ke buɗewa.

Akwai wata ɓarna da ta fi ci min rai, wadda ba a cika lissafa ta ba. A Arewa har gobe akwai uban da sai an yi ta roƙonsa kafin ya bar 'yarsa ta karɓi aiki, akwai mijin da ke sa sharaɗin ajiye aiki kafin a ɗaura aure. Duk lokacin da labarin oga da yarinyar ofis ya fita, waɗannan iyaye da mazaje sukan ce: kun gani ko? Sai a rufe ƙofa a kan wasu 'yan mata goma da ba su ji ba ba su gani ba. Mu ne kuma muke kukan ƙarancin likitoci mata da ungozoma a asibitocinmu, muke son matanmu su haihu a hannun mata, muke son malamai mata su koyar da 'ya'yanmu mata. Wanda ya mayar da ofishinsa wurin farauta, al'umma gaba ɗaya ya cuta.

Ofis ɗin kansa ma ruɓewa yake yi. Ma'aikaci in ya ga ba ƙwazo ke kai mutum gaba ba, sai ya saki aiki. Oga kuma ya rasa bakin tsawatawa, domin duk wanda ya san sirrinsa ya riƙe masa wuya: ba ya iya hukunta direban da ke satar mai, ba ya iya ƙin sa hannu a takardar akawun da ya ga saƙonninsa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce haramun ne mutum ya ga matar aure a wurin aiki ba. Ina ma mutum zai fi sanin halin wani fiye da inda yake ganinsa kullum, cikin gajiya da fushi da matsin aiki? Malaman makaranta nawa ne suka auri junansu suka zauna lafiya, likitoci da ma'aikatan jinya nawa? Barack Obama a wani ofishin lauyoyi na Chicago ya haɗu da Michelle a 1989, ita aka ɗora wa nuna masa aiki, ta kuma yi ta ƙin tayinsa da farko domin tana ganin bai dace ba, sai a 1992 suka yi aure. Mu kuwa muna da misalin da ya fi kowane girma. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, ita ce mai dukiya, ita ta ɗauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kai mata kayan fatauci Sham. Da ta ji labarin amanarsa daga yaronta Maisara, zuciyarta ta kwanta da shi, sai ta aika ƙawarta Nafisa ta ji ta bakinsa, sannan baffanninsa suka je wurin danginta aka nemi aure a bainar jama'a. Ga aiki, ga so, ga mai iko da wanda aka ɗauka aiki, amma ba ɓoye-ɓoye, ba keɓewa, ba a kuma rataya abincin kowa a kan amsarsa ba.

Saboda haka mai cewa "ai aurenta zan yi, addini ya ba ni damar huɗu", mun ji, ba mai ja da wannan. To gidan mahaifinta ba a ɓoye yake ba. Ka fara zare hannunka daga kan aikinta: ka sanar da na gaba da kai a rubuce, a mayar da ita ƙarƙashin wani, ko kai a matsar da kai. Ka aika wani dattijo ko wata dattijuwa ta tambaye ta ba a gabanka ba, a kuma tabbatar mata cewa in ta ƙi ba abin da zai taɓa aikinta. In ta amince ka tura magabata, a sa rana, ka gaya wa iyalinka da bakinka kafin su ji a waje. Wanda ya yi wata shida yana cewa "ki bari in shirya tukuna, kada ki gaya wa kowa", ba aure ne a ransa ba. Ƙanwata, duk ranar da ya sake faɗin haka, ki ce masa ya je ya ga Baba. Amsar da zai ba ki ta ishe ki.

Ku kuma samari da 'yan mata da kuke matsayi ɗaya, ba mai iko a kan wani, naku da sauƙi, amma ku yi lissafi tun kafin ku yi nisa. Wanda ya rabu da budurwar unguwa yana iya canza hanya. Ku kuwa in kun ɓata, gobe da ƙarfe takwas tebur ɗinku na kallon juna, taro ɗaya za ku zauna, wataƙila a gabanka za a kawo katin ɗaurin aurenta da wani. Ku nemi ƙa'idar ma'aikatarku ku karanta, domin wasu wuraren ba sa barin miji da mata a sashe ɗaya, gara ku san wanda zai matsa tun da wuri. Zance kuma a kai shi gidan iyayenta, a bar ofis ya zama ofis.

Wadda kuma ake matsa wa, ta sani doka ba ta bar ta ita kaɗai ba. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun lissafa tsangwamar lalata cikin manyan laifukan da ke iya jawo kora. Gyaran da aka yi wa tsarin mulkin Najeriya a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron irin wannan ƙara, kuma a 2013 wannan kotu ta ba wata ma'aikaciyar Microsoft a Najeriya gaskiya, wadda aka sallama bayan ta ƙi biye wa shugabanta, ta umarci a biya ta diyyar miliyoyin naira, ta kuma ɗora alhakin har a kan kamfanin. A 2022 Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ita ma ta haramta tsangwamar lalata. Amma kotu da shaida take aiki. Kada ki goge saƙo ko ɗaya don kunya. Ki ɗauki hotonsu ki adana a wani wuri da ba wayar ofis ba. Ki riƙa rubuta rana da lokaci da abin da aka ce miki. Ki faɗa masa sau ɗaya a rubuce, cikin ladabi, cewa ba kya so, ya tsaya a kan aiki. Ki daina shiga motarsa, ki daina zama a ofishinsa ƙofa a rufe. Ki gaya wa wani babba a gidanku tun yanzu, kada ki bari sai shi ya riga ki ɓata miki suna. In ya ci gaba, ki kai ƙorafi a rubuce ga sashen kula da ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadagonku, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In an toshe nan, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA mai rassa a jihohi.

Shugabannin ma'aikatu, ku daina jira sai abin kunya ya faru sannan ku kafa kwamiti. Ku rubuta ƙa'ida a fili, a karanta wa kowane sabon ma'aikaci ranar da ya kama aiki, har da 'yan bautar ƙasa da masu aikin wucin-gadi, waɗanda su ne aka fi cuta kuma su ne ba a kira taro. Ku buɗe hanyar kai ƙara da ba ta bi ta teburin wanda ake ƙara ba, ku sa mace mai mutunci a cikin masu karɓa. In bincike ya tabbatar da laifi, babban ne ya kamata ya matsa, domin shi aka ba amana. Ɗabi'ar nan ta kiran yarinya gefe a ce ta yi haƙuri ta rufa wa mai iyali asiri, sannan a tura ta wani reshe shi ya ci gaba da zama a kujerarsa, ita ce ke ba shi ƙarfin gwiwar komawa kan ta gaba.

Iyaye da mazaje, in 'yarku ko matarku da ke son aikinta ta fara neman dalilin ƙin fita, ko wayarta ta yi ƙara da dare kuka ga fuskarta ta canza, ku zaunar da ita ku tambaye ta a hankali, kuma ku fara yi mata alkawarin cewa abin da za ta faɗa ba zai sa ku hana ta aiki ba. Tsoron a ce ta zauna a gida shi ne ya rufe bakin da yawa daga cikinsu. In ta faɗa, ku raka ta ta kai ƙorafin da ƙafarku.